Jan sararin magariba ya ƙi fitowa a kyamarata

Ɗan Dala:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masana ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai. Wata biyu ke nan da na sayi Canon 600D ta hannu, da lensinta 18-55. Jiya da ruwan la'asar ya ɗauke, na hau saman benen gidan kawuna, na fuskanci wajen Goron Dutse. Wallahi ban taɓa ganin sama irin ta jiya ba. Ƙasa-ƙasa jawur kamar garwashin maƙera, sama da shi ruwan goro, can ƙololuwa kuma gizagizai sun yi ruwan hoda. Na ɗauki hoto ya fi 40. Da na sauko na duba, duk sun koɗe. Inda ja yake ya koma fari-fari, inda ruwan goro yake ya zama kamar kunun kanwa. Abin da ya fi ƙona min rai, ƙanena yana tsaye kusa da ni da wayarsa, nasa hoton ya fi nawa kama da abin da muka gani. Kyamarar ce ta tsufa, ko lensin ne, ko ni ne ban iya ba?

Gwanin Waya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ai ka ba kanka amsa. Wayoyin yanzu sun wuce waɗannan tsofaffin kyamarorin. 600D fa tun 2011 ta fito. In dai ba za ka sayar ba, to ka tura hoton waya ka ja launin sama, minti ɗaya ka gama.

Maman Khairat:
Kada ka yi gaggawar sayarwa ƙanena. Buɗe ɗaya daga cikin hotunan a kyamarar, ka danna INFO har lambobi su fito, ka karanto mana. Sannan ka faɗa min a kan wane harafi ka ajiye maɓallin nan mai juyawa na sama.

Ɗan Dala:
Anti ga su: 1/60, f/4.5, ISO 400, kuma an rubuta AWB. Maɓallin yana kan koren nan, tunda na saye ta a nan na same shi ban taɓa matsar da shi ba.

Maman Khairat:
To alhamdulillahi, kyamararka lafiyarta lau. Abu biyu ta yi maka, kuma duk biyun taimakonka take nufi.

Na farko haske. Na'urar da ke auna haske a cikinta ba ta san magariba ba, ba ta san tsakar rana ba. An gina ta ne ta mayar da duk abin da ta gani tsaka-tsaki, kada ya yi duhu, kada ya yi fari. Da ka sa rufin gidaje da bishiyoyi a rabin hoton, ta ga duhu ya yi yawa, sai ta ƙara haske don ta fito da gidajen. Gidajen sun ɗan fito, sama kuma ta ƙone. Shi kuwa launi, da zarar haske ya yi masa yawa sai ya tsinke, kamar shayin da aka cika wa ruwa.

Na biyu shi ne AWB ɗin nan. Aikinsa ya tabbatar farin abu ya fito fari. Idan kana ɗaukar amarya a ɗakin da ƙwan lantarkinsa ke ba da ja, shi ne ke cire jan don farin leshi ya fito fari. A gidan biki alheri ne. Amma da ya ga jan sama, sai ya ɗauka irin wancan jan ne, ya zuba masa shuɗi ya kashe shi. Wato abin da ka hau bene dominsa, shi ya goge.

Ga abin da za ka yi. Juya maɓallin daga kore zuwa Av, inda kai kake zaɓar faɗin ƙofar haske, ita kuma ta zaɓi saurin ɗauka. Sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamarar, a 100, ƙofar haske f/8. Danna WB, maɓallin daidaita launin haske, kibiyar sama ce a bayan 600D, ka zaɓi alamar rana. In kana son jan ya ƙara ɗumi ka zaɓi alamar gajimare. A ma'aunin launin haske, ta rana 5200K ce a Canon, ta gajimare 6000K, ta inuwa mai hoton ɗan gida 7000K, amma ita wannan sau da yawa tana mayar da komai ruwan goro har shuɗin saman ya ɓace, ni ba na son ta. Sai ka riƙe maɓallin da aka rubuta Av+/- ka juya ƙaramar tayar da ke kusa da maɗanni zuwa -1, don rage haske. Ɗauka, duba. In bai yi ba ka sauka -1 da rabi ko -2.

Baba Mai Hoto:
Allah ya yi miki albarka 'yata, kin faɗi gaskiya. Ni na fara sana'ar nan da Yashica, daga baya na riƙe Pentax K1000 shekaru masu yawa. A zamanin fim ba mu san wannan matsala a cikin kyamara ba, domin fim ɗin da muke saye an yi shi ne don hasken rana, ba ya canza ra'ayi. Abin da sama ta ba shi, shi yake riƙewa. Inda muke haɗuwa da ita shi ne wurin wanki. Na taɓa ɗaukar faɗuwar rana a bakin madatsar Tiga, masunta biyu a cikin kwalekwale, ruwan kansa ya zama ja. Na kai fim wani ɗakin wanki, injinsu ya ga ja ya yi yawa ya gyara da kansa. Aka miƙo min katin hoto ruwan toka. Sai da na koma na tsaya a kan yaron da ke kan injin, na ce masa kada ya taɓa launin, ya kuma rage haske, sannan hoton ya fito. To wannan injin ne yanzu aka ɗauko aka sa muku a cikin kyamara aka ce masa AWB.

Ɗana, abu ɗaya zan ƙara, kuma shi ya fi duk sauran muhimmanci. Kada ka sa idonka a maleƙar kyamara kana kallon ƙwayar rana, musamman da dogon lensi, matuƙar ranar tana da sauran ƙarfi. Gilashin tara hasken yake yi ya zuba maka a ido. Ka yi amfani da allon baya, shi ma kada ka bar ta tana fuskantar rana na tsawon lokaci. Kyamara ana sayen wata.

Ɗan Dala:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Anti, tambayata ita ce, in na rage hasken ai gidajen za su zama baƙi ƙirin. Ba za a ce hoton ya lalace ba?

Maman Khairat:
Ka bar su su yi baƙi. Idonka yana iya ganin sama mai haske da lungu mai duhu a lokaci guda, kyamara ba ta kai nan ba, dole ka zaɓa mata ɗaya. Tunda sama ka zo ɗauka, ƙasa ta zama inuwa. Dabarar ita ce ka nemi abin da ko a baƙinsa ana gane shi: hasumiyar masallaci, giginya, kuka, mutum a kan keke, shirwa a sama. Kuma ka rage ƙasar, kada ta ci rabin hoto. Kashi ɗaya cikin huɗu ya ishe ta.

In kana son awon ya fi daidai, ka nuna kyamarar wani yanki na sama gefen rana, ba tare da ranar ta shiga ba, ka danna maɓallin tauraro ya kulle awon, sannan ka dawo ka tsara hotonka.

Wani abin kuma, kada ka yarda da allon baya shi kaɗai. Da duhu ya fara, allon yakan nuna hoto ya fi yadda yake haske. Shiga menu ka mayar da jadawalin haske zuwa RGB, zai nuna maka tudu uku, ja da kore da shuɗi. Na jan za ka sa wa ido. A faɗuwar rana shi ke fara cika ya bugi bangon dama alhali sauran biyun suna da sauran wuri. Da ya bugi bango, duk bambancin da ke tsakanin ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa ya tafi, sai ka ga wani faffaɗan tabo mai launi ɗaya kamar an shafa fenti.

Ɗan Samaru:
Ni shawarata ya sayi filtar CPL, gilashin nan da ake ɗaurawa a bakin lensi, ita ce ke sa sama ta yi kauri. Sannan ya jira hunturu. Ai ƙura ce ke sa rana ta yi ja, lokacin hazo zai samu abin da yake so ba wahala.

Malamin Kimiyya:
Ɗan Samaru ka yi haƙuri, a nan zan saɓa maka a duka biyun, kuma na biyun ya fi damuna domin mutane da yawa haka suka ɗauka.

Hasken rana launuka ne a haɗe. Ƙwayoyin iskar da ke kewaye da duniya suna watsa shuɗi fiye da yadda suke watsa ja, wajen ninki 5. Wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, shi ya yi bayanin wannan a 1871. Shi ya sa da rana tsaka sama take shuɗiya. Idan rana ta gangara bakin ƙasa, haskenta sai ya ratsa iska mai kauri kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa in tana tsakiyar ka. Kafin ya iso gare mu shuɗin ya zube a hanya, sai ja da ruwan goro suka rage. Iska mai tsabta ita ke wannan aikin.

Ƙurar hunturu dabam ce. Yawancinta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe. Ƙwayoyinta manya ne in aka gwada da na iska, ba sa zaɓen launi, duka suke watsawa. Shi ya sa a watan Janairu za ka ga rana ta zama kamar farin faranti ko faifai ruwan ƙwai, ta nutse a cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba, sama kuma ta yi fari-fari. Hoto ne mai kyau a nasa fannin, ni kaina ina son sa, amma ba shi Ɗan Dala yake nema ba. Ƙura kaɗan tana iya ƙara wa ƙwayar rana ja, mai yawa kuwa kashe launi take yi.

Lokacin da yake nema shi ne wanda muke ciki yanzu, ƙarshen damina zuwa farkon kaka, Satumba da Oktoba. Ruwa ya wanke iska, ga gizagizai a sama da za su karɓi hasken. Ku lura da abin da ya ce: ruwan la'asar ne ya ɗauke. Abin da ake so ke nan, yamma ta buɗe a ƙasa-ƙasa don haske ya samu hanya, sannan a samu gizagizai na can sama, sirara, su zama kamar farin ƙyallen da za a haska. In hadari ya toshe yamma har ƙasa, ba za a samu komai ba. In kuma sama ta yi wasai babu girgije ko ɗaya, za a samu ruwan goro a bakin ƙasa kawai. Don haka kada ya jira, makonni kaɗan suka rage masa kafin iskar gabas ta juyo.

Ita kuwa CPL, ƙarfinta yana gefe ne, wato idan rana tana kafaɗarka ta dama ko ta hagu. In ka fuskanci rana kai tsaye kusan ba ta yin komai sai cinye maka haske wajen mataki ɗaya da rabi zuwa biyu, ta kuma ƙara gilashin da zai jawo ƙyalli. Tana da amfani da hantsi ko la'asar in kana son shuɗin sama ya fito da farin girgije.

Ɗan Samaru:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara a kan ƙurar. Amma CPL ɗin ni dai na ga tana aiki, na gwada ta a Kufena.

Malamin Kimiyya:
Da wane lokaci, kuma ina ka fuskanta?

Ɗan Samaru:
Wajen ƙarfe 4 ne, rana tana hannun hagu.

Malamin Kimiyya:
To ai magana ɗaya muke yi. A nan take aikinta.

Na Yamai:
Ina gaida mutanen Najeriya, da fatan kuna lahiya. Ni a bakin kogin Isa, wato Neja, nake ɗauka, mu birninmu yana gabas da ruwa, rana a ƙetare take faɗuwa, sai launin ya zo biyu, na sama da na ruwa. Abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne lokaci. Yawancin mutane da ƙwayar rana ta ɓace sai su rufe kyamara su tahi. Alhali launin da ya fi kyau bayan nan yake zuwa, minti 10 zuwa 15 da faɗuwa, lokacin da rana take haska cikin gizagizai daga ƙasa. Wani lokaci sai sama ta yi kamar ta mutu, ta yi toka-toka, ka ce an gama, can sai ta sake kamawa ta fi ta farko.

Kuma mu a nan abin da sauri yake. Waɗanda muke kallo a YouTube suna maganar awa guda ta hasken zinariya, Turai suke. Can rana a karkace take sauka, a Landan cikin watan Yuni hasken bayan faɗuwa yana haura minti 40. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya a miƙe take nutsewa, minti 20 da 'yan kai duhu ya rufe. Ƙwayar ranar kanta daga taɓa ƙasa zuwa ɓacewa minti biyu ne da kaɗan. Wanda ya tsaya neman WB a menu a wannan lokacin ya makara. Ka shirya komai tun rana tana sama.

A wannan watan ku a Kano wajen 6:20 take faɗuwa, mu sai ta ƙara kusan minti 25 duk da agogonmu ɗaya.

Abu Hafsa:
Jama'a ina bin zancen nan tun farko, kuma ina ƙaruwa. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa. Wannan minti 10 zuwa 15 da ɗan'uwanmu na Yamai yake magana, shi ne daidai lokacin da ladan ya kira, ana tayar da sallar magariba. Kuma kun san lokacinta ƙanƙane ne. Kada mu koya wa yaro ya tsaya a saman bene ana salla a ƙasa.

Na Yamai:
Gaskiya ce Malam, kuma ban faɗa don a bar salla ba. Ni da alwalata nake zuwa, da darduma a jaka. Mu da muke bakin ruwa tare da masu kwalekwale muke yin jam'inmu a nan. Kafin kira na ɗauki na ƙwayar rana. In an kira mu tayar, raka'a uku ba ta cin minti 6 ko 7. Muna sallamewa jan yana nan, sau da yawa ma a lokacin ya nuna.

Baba Mai Hoto:
Haka nake yi shekara da shekaru. Kuma Abu Hafsa kai ka fi ni sani, wannan jan shi ne shafaƙi, wanda malamai suka ce ɓacewarsa ce ke shigar da lokacin isha'i. Iyayenmu da ba su da agogo shi suke kallo. Har rantsuwa Allah ya yi da shi a cikin Suratul Inshiƙaƙ. Wanda ya idar da sallarsa ya ɗaga kai ya tsaya kallonsa, ni ban ga aibu ba.

Abu Hafsa:
Babu aibu Baba, in an yi yadda kuka faɗa. Shi da yake cikin unguwa, masallaci yana ƙofar gida, ya sauko ya bi jam'i ya koma. Abin da ya samu rabonsa ne.

Ɗan Dala:
In sha Allahu haka zan yi. Masallacin ma a jikin gidan yake.

Maman Khairat:
To in za ka koma bayan salla, hasken ya ragu sosai, hannu ba zai riƙe ba. Kada ka ɗaga ISO, yana sa tsakuwa-tsakuwa a sama kuma yana rage wa launi daɗi. In ba ka da ƙafar kyamara ka ɗora ta a kan katangar benen, ka sa ɗan buhun shinkafa ko hula a ƙarƙashi, ka kunna mai ƙirga daƙiƙa 2 don kada dannawarka ta girgiza ta.

Gwanin Waya:
Duk wannan wahalar a kan abin da waya take yi da dannawa ɗaya? Ni har yanzu ban ga amsar tambayarsa ta asali ba. Me ya sa wayar ƙanensa ta fi?

Malamin Kimiyya:
Tambaya ce mai kyau. Wayar ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Kana dannawa ta ɗauki da yawa a jere, wani mai duhu wani mai haske, ta haɗa su, ta gane cewa wannan sama ce ta ƙara mata launi, sannan ta nuna maka a allon da shi kansa yana ƙara wa launi ƙarfi. Ta yanke maka hukunci ta gama. Ita DSLR, wato kyamara irin ta Ɗan Dala, jira take ka yanke. Ka buɗe hotunan biyu a babbar kwamfuta ka ja su, ko ka kai a buga maka babba, za ka ga inda kowacce ta tsaya.

Gwanin Waya:
To ai shi ne nake cewa shi ma ya ja launin a waya. In na'ura za ta ƙara, me zai hana shi ya ƙara?

Baba Mai Hoto:
Ɗana, ƙari iri biyu ne. Akwai wanda yake dawo da abin da ido ya gani, akwai wanda yake ƙirƙiro abin da ba a yi ba. Kullum ina ganin hotuna a Facebook, sama ja kamar an yanka rago, fatar mutumin da ke ciki ta zama ruwan manja, ganyen darbejiya yana ƙyalli kamar leda. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli magariba ya san ba haka take ba. Yana ɓata min rai domin ainihin abin ya fi wannan kyau, kuma yaranmu suna sabawa da na ƙarya har na gaskiyar ya daina burge su.

Maman Khairat:
Baba ina tare da ku a kan wuce gona da iri, amma ku ba ni dama in kare gyara kaɗan. Shi JPEG ɗin da kyamara take bayarwa ai gyararre ne, injiniyoyin kamfani ne suka zaɓa masa yawan launi. In ka sa salon Landscape a Canon ko Vivid a Nikon, gyara ka yi tun kafin ka danna. Ko a zamaninku, wanda ya sayi fim ɗin Velvia ya san launi mai kauri ya saya. Ni dai mizanina shi ne, in wanda muka tsaya tare ya ga hoton ya ce haka ne, to ban wuce ba.

Amsar Gwanin Waya kuma, hoton jiya ba zai gyaru ba ko an ja. Inda ya ƙone babu komai a wurin, fari ne kawai, in ka ja sai ya zama tabo. Shi ya sa nake cewa Ɗan Dala ya sa RAW+JPEG, wato kyamara ta ajiye ɗanyen hoton da ba a gyara ba tare da gyararren. JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW na 600D yana riƙe 16,384. A sama, inda launi yake sauyawa sannu a hankali daga ja zuwa shuɗi, wannan bambancin ne ke hana ka ganin layi-layi kamar matakala. Kuma a RAW ko ka manta WB a kan AWB za ka iya mayar da shi alamar rana daga baya ba tare da asara ba. Manhajar Canon mai suna Digital Photo Professional kyauta ce, masu Nikon kuma akwai NX Studio. Illarsa cin wuri, kowane hoto wajen 25MB.

Baba Mai Hoto:
Wannan mizanin naki na yarda da shi 'yata.

Gwanin Waya:
Ni dai zan jira in ga hoton.

Ɗan Dala:
Assalamu alaikum. Kwana uku ina hawa. Ranar farko hadari ya toshe yamma, ta biyu babu girgije ko ɗaya, daidai yadda Malam ya faɗa. Jiya Allah ya kawo. Ga guda biyu na turo.

Na farko kafin kiran salla ne: Av, f/8, ISO 100, alamar rana, -1 da ɗigo ɗaya, kyamara ta ba da 1/250. Na bar hasumiyar masallacin unguwa da wata bishiyar dabino suka yi baƙi. Na duba tudun jan, bai taɓa bango ba. Na biyu bayan mun idar ne, na koma da gudu. Ɗan'uwa na Yamai, wallahi kamar kana wurin. Da zan sauka sama ta yi toka, da na dawo duk cikin gizagizan ya kama, ja a ƙasa, shunayya a sama, fitilun gidaje sun fara kunnuwa. Na ɗora ta a kan katanga da hulata, rabin daƙiƙa ta ɗauka. Na daɗe a tsaye bayan na gama, har sauro ya kore ni.

Amma matsala biyu. A allon kyamara jan ya fi wanda nake gani bayan na tura waya, kamar ya ɗan kwanta. Sannan na gwada wani a f/22 don rana ta yi tsinke-tsinke kamar tauraro, sai na ga ɗige-ɗige baƙaƙe guda biyar a sama, kuma a wuri ɗaya suke a kowane hoto.

Na Yamai:
Masha Allah! Na biyun nan ko ni zan so a ce nawa ne. Dabinon ya zauna daidai.

Gwanin Waya:
Gaskiya na biyun ya yi. Waya a wannan duhun sai ta dame gizagizan su zama kamar fenti. Na ga bambancin.

Maman Khairat:
Barka ƙanena, ka ga kyamarar da aka ce ta tsufa. Faɗa min sunan fayil ɗin, da IMG ya fara ko da ɗan layi a ƙasa?

Ɗan Dala:
_MG_4127 aka rubuta Anti.

Maman Khairat:
Na yi zargin haka. Wannan ɗan layin na farko alama ce cewa wanda ya riƙe ta kafin kai ya sa ta a Adobe RGB. A Nikon ma haka ne, sai ka ga _DSC. Tsarin launi ne na masu buga hoto a manyan injuna, amma manhajoji da yawa na waya da intanet ba sa karanta shi daidai, sai ja da kore su kwanta. Shiga menu ka mayar da shi sRGB, sunan zai koma IMG. Na jiya tunda kana da RAW ɗinsu, ka fitar da su a sRGB daga kwamfuta, babu abin da ka rasa. Kuma in za ka turo ta WhatsApp ka turo a matsayin fayil, in ba haka ba matse shi yake yi sama ta yi layi-layi.

Baba Mai Hoto:
Ɗige-ɗigen kuma ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Tana nan tun da, ƙaramar ƙofa irin f/22 ce ke tona ta, a f/8 ba ka cika ganinta ba. Ka nemi robar nan mai hura iska da ake matsawa da hannu. Batir ya cika, ka shiga menu wurin share sensa da hannu, madubin zai ɗaga. Ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura sau huɗu ko biyar ba tare da bakin robar ya taɓa komai ba, ka kashe. Kada ka hura da bakinka, yawu zai bi. Kada ka sa auduga ko gefen riga. In ba ta fita ba ka kai wa mai gyara. Kuma ka saba tun yanzu, in hunturu ya shigo ba a cire lensi a waje, sai a ɗaki, ɗakin ma fanka a kashe.

Ɗan Samaru:
Don tauraron ma ba sai ka kai 22 ba, f/16 yana yi, musamman in ka bar rana ta leƙo ta gefen hasumiyar.

Ɗan Dala:
Na mayar da ita sRGB yanzu, na gwada a tsakar gida sunan ya koma IMG. Robar zan nema gobe in na shiga kasuwa. Anti, wata tambayar: ƙanwata za a yi kamunta sati mai zuwa, ina so in ɗauke ta a saman benen nan da irin wannan saman a bayanta. In na rage haske ai ita ma baƙa za ta fito.

Maman Khairat:
Allah ya sanya alheri. A nan sai ka juya maɓallin zuwa M, inda kai kake saita komai da hannu. Ka fara auna sama ita kaɗai har launin ya yi maka, amma saurin kada ya wuce 1/200, iyakar da filashin 600D yake bi ke nan. Sannan ka ɗaga filashin, ka tsayar da ita kamar taku uku daga gare ka, ka rage ƙarfinsa zuwa -1 don kada fuskar ta yi fari. Filashin nata ne, sama ba ruwanta da shi. Ka gwada da ƙanenka yau ko gobe, kada ranar ta zama ranar koyo, kuma ka ce mata ta gama kwalliya kafin ƙarfe 6.